TSOHUWAR KWAMFUTAR ƘUNGIYA: A YAR DA ITA, KO A SAKE MATA BABBAR MANHAJA?



A yawon da na ke yi ƙauye ƙauye, ban da maganar taki da iri da bashin noma, akwai wata tambaya da ta fara yawa a bakin magatakarda. Su kan ce, "Malam, laftof ɗin nan namu ya tsufa. In an kunna shi sai mutum ya ci tuwo ya wanke hannu bai gama buɗewa ba. Ga shi kuma yana ta nuna wata sanarwa da Turanci, wai Windows ɗinsa ya ƙare. Mu yar da shi ne, ko yaya za mu yi?"

Amsata a taƙaice ita ce, kada ku yi saurin yar da shi, kada kuma ku bar shi yadda ya ke. Yawancin waɗannan kwamfutoci, ko na hannu ne da aka sayo a kasuwa, ko kyauta ce daga wani shirin taimakon manoma, suna da sauran amfani na shekaru in an sake musu babbar manhaja. Amma akwai abin da ya fi kwamfutar kanta tsada, watau lissafin ƙungiya da ke cikinta. Da shi za mu fara.

ABIN DA YA FARU A WATA ƘUNGIYA

A wata ƙungiya da na kan ziyarta, magatakarda ya gaji da nauyin laftof ɗinsu, ya ɗauka ya kai wa wani mai gyara a gari. Mai gyara ya duba ya ce, "Sai an yi masa fomatin." Magatakarda bai san ma'anar kalmar ba, kunya kuma ta hana shi tambaya, sai ya ce to. Da yamma ya karɓi kayansa. Lalle ya yi sauri, ya yi kyau kamar sabo. Sai da ya koma gida ya nemi sunayen waɗanda suka karɓi taki bashi, ya tarar babu. Lissafin damina uku ya tafi, da na wanda ya biya da na wanda bai biya ba. Littafin takarda kuwa tun ranar da kwamfuta ta zo aka daina cika shi.

A taro na gaba wannan ya ce ya biya, wancan ya ce rabi ya rage masa, ma'aji ya ce shi ba ya iya tunawa. Har kaka ta yi akwai gidaje biyu da ba sa gaisawa. Mai gyaran nan bai yi mugunta ba. Fomatin shi ne share kome da kome a soma daga fari, kuma ba wanda ya gaya masa akwai abin da ba a so a rasa. Ku riƙe wannan labari, gama duk wanda zai sake babbar manhaja, ta bakin wannan rami zai wuce.

MECE CE BABBAR MANHAJA?

Kwamfuta kashi biyu ce. Akwai ƙarfen da mu ke taɓawa, akwai kuma manhaja, watau umarnin da ke sa ƙarfen ya yi aiki. Word da a ke rubuta wasiƙa da shi, Excel da a ke lissafi da shi, Chrome da a ke shiga intanet da shi, duk ƙananan manhajoji ne. A bisansu akwai guda ɗaya wadda ta ke kamar mai gandu: ita ke raba wa kowa aiki, ita ke riƙe da mabuɗin rumbu, in ba ta tashi ba ba wanda zai fita gona. Ita ce babbar manhaja. Wadda muka fi sani ita ce Windows ta kamfanin Microsoft na Amurka. Amma ba ita kaɗai ba ce.

A cikin ƙarfen kuma abubuwa uku ne ya kamata ku san sunansu.

Na ɗaya furosesa. Shi ne ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi.

Na biyu ram. Shi ne kamar masussuka. In ta yi faɗi, a baza dami da yawa a yi aiki a sake. In ta yi ƙanƙanta, sai a riƙa kawowa kaɗan kaɗan, aiki ya yi ta jan ƙafa. Abin da ke kan ram ba ya kwana, da an kashe kwamfuta ya watse.

Na uku had dis. Shi ne rumbu, inda babbar manhaja da dukan takardunku su ke kwance ko an kashe wuta.

A kan auna girman ram da na had dis da gigabait, wanda a ke rubutawa GB.

ME A KE NUFI DA "WINDOWS YA ƘARE"?

Ko wane manomi ya san rumbu ba ya zama lafiya don kansa. Ko wace shekara sai an duba an yaɓe tsaga, an toshe kafar ɓera. Haka babbar manhaja ta ke. Kullum ɓarayin intanet suna neman kafar da za su shiga, kamfani kuma yana aiko da faci ta intanet yana toshewa. Microsoft ya kan aiko da nasa a Talata ta biyu ta ko wane wata. Amma ko wane Windows yana da wa'adi, in ya cika sai a daina aiko masa da faci.

An daina kula da Windows XP ran 8 ga Afrilu 2014.
An daina kula da Windows 7 ran 14 ga Janairu 2020.
An daina kula da Windows 8.1 ran 10 ga Janairu 2023.
Windows 10, wanda ya fito a 2015, an daina kula da shi ran 14 ga Oktoba 2025. A wannan rana kuma aka daina kula da Office 2016 da Office 2019.

Kwamfutar ba za ta mutu ba don wa'adi ya cika. Za ta kunnu, za ta yi rubutu kamar jiya. Sai dai duk kafar da aka gano daga ranar nan, a buɗe za ta zauna. A hankali kuma masu yin ƙananan manhajoji su ma su kan janye. Chrome ya daina sabuntuwa a kan Windows 7 tun farkon 2023.

Kada wani ya ce wa zai kula da kwamfutar ƙauye. Cutar kwamfuta ba ta zaɓen gida. A watan Mayu 2017 wata cuta mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe fiye da 150 cikin 'yan kwanaki. Ta kan kulle dukan takardun mutum, ta ce sai ya biya fansa. Har asibitoci a Ingila sai da suka riƙa mai da marasa lafiya gida. Abin lura shi ne, Microsoft ya riga ya fitar da facin wannan kafa tun watan Maris na shekarar, waɗanda ba su sa shi ba su ne abin ya ci. To, ina ga kwamfutar da ba a yi mata facin ma sam?

Ku tuna abin da ke cikin laftof ɗin ƙungiya: sunayen membobi, lambar wayarsu, lambar asusun banki, wani lokaci har BVN da NIN nasu. Amanar mutane ce.

AIKI NA FARKO: A KWASHE HATSI KAFIN A TAƁA RUMBU

Ba mai rushe rumbu don ya gina sabo alhali dawa tana ciki. Kafin kowa ya taɓa kwamfutar, ko mai gyara ko ɗan makarantar da ya iya, sai an yi waɗannan.

1. A sayi filash sababbi guda biyu daga wurin amintacce. Akwai na jabu da yawa a kasuwa, waɗanda an rubuta musu girman da ba su da shi. In ka ga araha ta yi yawa, ka yi hankali.

2. A kwafe dukan takardu cikin ko wanne. A duba Documents, Desktop, Downloads da Pictures. Magatakarda da yawa a kan Desktop su ke zuba kome.

3. A kai filash ɗin wata kwamfuta dabam, a buɗe takardun ɗaya ɗaya a tabbata suna buɗuwa. Kwafin da ba a gwada ba, ba a san akwai shi ba tukuna.

4. A buga lissafin bashi da na ajiya a takarda, shugaba da ma'aji su sa hannu. Takarda ba ta jin cutar intanet.

5. A rubuta kalmomin sirri na imel da na sauran wurare a littafi, a kulle. Sau da yawa kwamfuta ce ke tuna su, magatakarda ya daɗe da mantawa. In an share ta, sun tafi.

6. Filash ɗaya ya zauna wurin magatakarda, ɗaya a gidan ma'aji. Gobara ko ɓarawo ba su cika shiga gida biyu a dare ɗaya ba.

AIKI NA BIYU: A SAN ƘARFIN ƘARFEN

Ba a ɗora wa jaki kayan raƙumi. Kafin a zaɓi sabuwar manhaja sai a san abin da laftof ɗin zai iya ɗauka. A Windows 10 a shiga Settings, sa'an nan System, sa'an nan About. A rubuta abubuwa uku a takarda: sunan furosesa, yawan ram, da ko an rubuta 64-bit ko 32-bit.

Sunan furosesa na Intel yana faɗin shekarunsa. In an ga i5-3320M, lambar farko bayan ɗan layin nan, watau 3, tana nufin zuriya ta uku. In i5-6300U ne, ta shida. In i5-8250U ne, ta takwas, wadda ta fara fitowa a 2017. In lambar ta soma da 10, 11 ko 12, wannan ya fi su sabunta. Kada a ruɗe da i3, i5 ko i7 kawai. Tsohon i7 yana iya kasa abin da sabon i3 zai yi.

A kuma kasa kunne. In had dis yana ƙara ƙas ƙas, ko kwamfuta tana sandarewa ba dalili, rumbun ya kusa faɗuwa, sabuwar manhaja ba za ta warkar da shi ba. In kuma tana zafi ƙwarai har ta kashe kanta, sau da yawa ƙurar hunturu ce ta toshe fankar ciki. Mai gyara zai buɗe ya share. Wani nauyin ba na tsufa ba ne, na ƙura ne.

HANYOYI HUƊU

Hanya ta ɗaya: a hau Windows 11.

Windows 11 ya fito a Oktoba 2021. Ga wanda ke da Windows 10 na gaskiya, hawan kyauta ne, kuma takardu su kan zauna a wurinsu, ko da ya ke wannan bai hana a yi kwafi ba. Amma yana da sharuɗɗa: ram gigabait 4 ko fiye, had dis gigabait 64 ko fiye, wani ɗan abin tsaro a ciki mai suna TPM 2.0, da furosesa na Intel daga zuriya ta takwas, ko na AMD daga Ryzen 2000. Microsoft yana da wata 'yar manhaja, PC Health Check, wadda za ta duba ta faɗa muku ko laftof ɗinku ya isa. In ya isa, wannan ita ce hanya mafi sauƙi. In an hau aka ga bai yi ba, a na iya komawa cikin kwana 10.

Yawancin laftof da na ke gani a ƙungiyoyinmu ba su isa ba. A nan ne masu gyara su kan ce, "Kawo, akwai dabara." Gaskiya ne akwai dabarar tsallake sharuɗɗan. Amma Microsoft ya faɗa a fili cewa bai yi alkawarin aiko wa irin wannan kwamfuta faci ba. Sau da yawa kuma Windows da Office da a ke sakawa a irin wannan aiki na sata ne, waɗanda aka fasa makullinsu, ba wanda ya san abin da aka cusa a ciki. Ban ba ƙungiya shawarar ɗora amanar mutane a kan wannan ba.

Hanya ta biyu: a ƙara wa Windows 10 'yan kwanaki.

Microsoft ya buɗe wani shiri na ƙarin faci ga masu Windows 10 na gida, wanda wa'adinsa ya tsaya a 13 ga Oktoba 2026. Kuɗinsa dala 30, ko kyauta ga wanda ya haɗa kwamfutarsa da asusun Microsoft bisa ga sharaɗinsu. Wannan tokara ce a ke yi wa ginin da ya karkata kafin a sami halin gyara. Bayan wannan rana an koma gidan jiya.

Hanya ta uku: a raba ta da intanet.

In aikin laftof ɗin bai wuce rubuta wasiƙa da lissafi ba, a na iya barinsa da tsohon Windows, amma a yanke doka: ba ya shiga intanet, ba a haɗa shi da waya, ba a sa masa filash ɗin da ya je shagon buga takardu. Kun san cutar nan da ke mai da takardu su zama hoton banza mai 'yar kibiya, ta filash ta ke yawo. Wannan doka tana da wuyar riƙewa, gama wata rana za a ce a aika da sunayen membobi ta imel cikin gaggawa.

Hanya ta huɗu: a sake babbar manhaja ɗungum, a sa Linux.

Wani ɗalibi a ƙasar Finlan, Linus Torvalds, shi ya fara Linux a 1991, ya bar shi a buɗe kowa ya yi amfani ya kuma gyara. Tun daga nan dubban mutane a duniya su ke aiki a kansa tare. Mu da ke cikin gama kai ba sai an yi mana dogon bayani ba. Kyauta ne bisa doka, a na iya kwafe shi a ba maƙwabci ba laifi. Ba kuwa abin wasa ba ne. Android da ke cikin wayoyinmu a kan Linux aka gina shi. A 2024 gwamnatin jihar Schleswig-Holstein a Jamus ta yanke shawarar mai da kwamfutocinta wajen 30,000 kan Linux da LibreOffice.

Linux iri iri ne, kamar yadda masara ta ke iri iri. Akwai Ubuntu, wanda Mark Shuttleworth, mutumin Afirka ta Kudu, ya kafa a 2004. Akwai Linux Mint, wanda aka fara a 2006, an kuwa gina shi a kan Ubuntu. Ga wanda ya saba da Windows, Mint na ke ba da shawara, don fuskarsa ta yi kama da wadda ya sani. Linux Mint 22, wanda ya fito a 2024, za a yi ta aiko masa da faci har 2029. Yana tashi da ram gigabait 2, amma ya fi sakewa da 4, yana kuma son wurin gigabait 20 ko fiye. Yana da launi uku, Cinnamon, MATE da Xfce. Ga laftof mai rauni a ɗauki Xfce, ya fi sauƙin nauyi. Sai dai Mint na yanzu 64-bit kawai ya ke bi. In furosesa 32-bit ne tsantsa, laftof ɗin ya tsufa ƙwarai, sai a bi hanya ta uku har a sami wani.

ƘARAMIN GYARA MAI BABBAN AMFANI

Ko wace hanya aka bi, akwai gyara guda da ya fi kome sa tsohon laftof sauri. Tsohon had dis faifai ne mai juyawa da allura a kansa. Sabon iri, wanda a ke kira SSD, ba abin da ke motsi a cikinsa, ya fi sauri nesa ba kusa ba, ba ya kuma jin girgizar babur kamar na da. Mai gigabait 128 ko 256 ya ishi aikin ƙungiya, kuɗinsa kuwa bai kama ƙafar na sabon laftof ba.

Akwai wata riba kuma. In an cire tsohon had dis aka sa SSD, aka ɗora sabuwar manhaja a kan SSD ɗin, ba a share kome ba ke nan. Tsohon yana nan da Windows ɗinsa da dukan takardu, a naɗe shi a ajiye. In sabon bai yi ba, a mai da tsohon. Da magatakardan nan ya san wannan, da gidaje biyun nan ba su ɓata ba.

In ram bai kai gigabait 4 ba, a tambaya ko zai ƙaru. A tafi da laftof ɗin wurin saye, don ram iri iri ne, DDR3 ba ya shiga gurbin DDR4, a wasu kuma a like ya ke ba ya ciruwa.

YADDA A KE SA LINUX MINT

1. A sauko da shi daga shafin Linux Mint na ainihi. Girmansa ya kusa gigabait 3, don haka a yi inda intanet ke da ƙarfi. Saukowa ɗaya ta ishi dukan ƙungiyoyin gunduma.

2. A nemi filash na uku, mai gigabait 8, wanda ba kome a ciki. A rubuta Mint a kansa da manhajar balenaEtcher ko Rufus. Wannan aiki yana share duk abin da ke cikin filash ɗin, saboda haka kada a kuskura a ɗauki na kwafin takardu.

3. A cika batir, a kuma haɗa da wutar da ba za ta ɗauke ba, ko sola ko janareta. In wuta ta yanke a tsakiyar aiki, sai an sake daga fari.

4. A kashe laftof, a sa filash, a kunna, nan da nan a riƙa danna maɓallin zaɓe. A Dell da Lenovo yawanci F12 ne, a HP F9. A zaɓi sunan filash ɗin.

5. Mint zai buɗe daga kan filash, bai taɓa had dis ba. Wannan shi ne gonar gwaji. Kamar yadda ba mu shuka sabon iri a dukan gona sai mun gwada a kunya biyu uku, haka nan ma. A gwada haɗa shi da intanet ɗin waya, a gwada sauti, a gwada firinta, a buɗe lissafin ƙungiya daga kwafi a ga ko lambobi sun fito daidai. A kan filash ya kan yi ɗan nauyi, kada wannan ya tsorata ku. In wani abu ya ƙi, a kashe a zare filash, kome yana nan yadda ya ke.

6. In kome ya yi, a danna hoton da aka rubuta Install Linux Mint. Zai tambayi harshe, da wuri, da suna, da kalmar sirri. Zai kuma kawo wani zaɓi mai farawa da Erase disk, watau share had dis duka. Nan ne bakin ramin. A tsaya a sake tambaya: an yi kwafi? An gwada shi? In amsa i ce, a ci gaba.

7. In ya gama, a zare filash a sake kunnawa. A ƙasa wajen dama akwai hoton garkuwa, shi ne mai kawo faci. A danna shi a karɓi abin da ya kawo, a kuma mai da wannan al'ada ko sau ɗaya a wata. A rubuta kalmar sirri a littafin ƙungiya, don ba a yin wani babban canji sai da ita.

GASKIYAR DA YA KAMATA KU SANI TUN DA WURI

Word da Excel ba sa hawa kan Linux. A madadinsu Mint yana zuwa da LibreOffice, wanda ke da Writer na rubutu da Calc na lissafi. Suna buɗe takardun Word da Excel, suna kuma iya ajiye aiki a kamanninsu, watau docx da xlsx. In za a aika wa banki ko ofishin gona, a ajiye a wannan kama, ko a mai da shi PDF. Wani lokaci tsarin shafi ya kan ɗan goce, sai an gyara da hannu.

In akwai wata manhaja ta musamman da wani shiri ya ba ku don rajistar manoma ko lissafi, wadda Windows kaɗai ta sani, ku tambayi masu ita kafin ku sake kome. Wanda kuwa a ke yi ta shafin intanet, kamar imel da WhatsApp na kwamfuta, yana aiki lafiya ta Firefox da ke zuwa tare da Mint.

Mai son rubuta Hausa da haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, zai sami tsarin maɓallan Hausa a cikin Mint, kamar yadda ya ke a Windows. Sai a ƙara shi a wurin saita kibod.

Cututtukan da aka yi domin Windows ba su cika kama Linux ba. Amma ba wata manhaja da ke maganin yaudara. Wanda ya aiko saƙo wai an ba ƙungiya tallafi, a turo lambar sirrin banki, ɓarawo ne a kan ko wace kwamfuta.

Mako biyu na farko magatakarda zai yi gunaguni, don abubuwa ba sa inda ya saba. A yi haƙuri da shi. A kuma koya wa mutum biyu, ba ɗaya ba, don in ɗaya ya yi tafiya aiki kada ya tsaya. Masu gyara da yawa ba su saba da Linux ba, saboda haka ya fi kyau ƙungiyoyi maƙwabta su sake tare, su riƙa taimakon juna.

IN LAFTOF YA MUTU SARAI

In uwar allon ciki ta ƙone, ko kuɗin gyara ya kusa na wani laftof, sai a haƙura. Amma kafin a sayar wa masu sayen tsofaffin ƙarafa, a cire had dis a riƙe, gama sunaye da lambobin mutane suna nan a ciki ko kwamfuta ba ta tashi. Batir kuma kada a jefa shi a wuta, ko a juji da za a kwashe a kai gona. Yana iya fashewa, kuma ba abin da ƙasa ke so ba ne. In za a sayi wani na hannu, a buɗe About a gaban mai sayarwa, a tabbata furosesa ya kai zuriya ta takwas.

ABIN DA ZA A YI A TARO NA GABA

Laftof na ƙungiya ne, ba na magatakarda ba, don haka shawarar ta kwamiti ce, a kuma rubuta ta a littafin taro. Ga tambayoyin da za ku tattauna.

1. Wane Windows ne a kan laftof ɗinmu, har yanzu a na aiko masa da faci?
2. In ya ɓace yau da dare, ina za mu sami lissafin bashi da na ajiya?
3. Wa zai yi kwafi, yaushe, a gidan wa za a ajiye?
4. Cikin hanyoyi huɗun nan wacce ta dace da ƙarfenmu da aljihunmu?
5. Su wa za mu koya wa ban da magatakarda?

A yi wannan aiki da rani, sa'ad da hannu ya ke sake, kada a bari sai lokacin rabon taki ya zo kowa yana tsaye a ƙofa. In ma ba a iya yin kome a wannan wata ba, a yi na farkon: a kwafe takardu a filash biyu, a buga lissafi a takarda. Wanda ya rasa gane sunan furosesa ko yawan ram, ya rubuto abin da ya gani a About ya riƙe mini, mu duba tare in na zo zagaye.

Sai mun sadu.

Naku,
Malamin Gona